Cinyewar Haƙoran Faifan Sarƙa a Babur Mai Ƙafa Uku

Akwai wata ƙara da ta ke yawan zuwa zauren hakimai a 'yan shekarun nan, wadda hakiman zamanin da ba su san irinta ba. Ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi ta sayi babur mai ƙafa uku don jigilar amfanin gona, ko kuwa ƙaramar hukuma ta ba wani ƙauye guda don kai marasa lafiya asibiti. Ba a daɗe ba sai direba ya zo ya ce faifan da ke jan sarƙa ya cinye, a ba da kuɗi a sake wani. A sake. Bayan 'yan watanni ya komo da maganar nan dai. A karo na uku sai zargi ya shiga. Masu babur su ce direba da bakanike sun haɗa baki, direba ya ce bakanike ne ke sa jabu, bakanike kuwa ya rantse ya ce abin da aka ba shi kuɗinsa shi ya sa. Daga nan sai a ɗunguma gaban dagaci, dagaci ya turo su gaban hakimi.

Sau da yawa a cikin su ukun nan babu maƙaryaci. Faifan ya cinye da gaske, an kuma sake shi da gaske, amma abin da ke cinsa ba a taɓa shi ba, an bar jaki ana dukan taiki. Ba a nufin hakimi ko malaminsa su zama kanikawa. Abin da a ke nufi shi ne su san yadda ɓarnar ke aukuwa, gwargwadon yadda za su iya yin tambayar da ta dace, su kuma gane amsar da aka ba su ko ta kama hankali.

Da fari sai a san cewa ba ko wane babur mai ƙafa uku ne ke da sarƙa ba. Kekunan ɗaukar fasinja da suka cika birane sun fara yawaita a Ikko zamanin da Buba Marwa ya ke gwamnan soja, tsakanin 1996 da 1999, har a ke ce musu Keke Marwa. A 2001 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP, wanda ya ba su sunan da aka fi saninsu da shi a ƙasa. A Kano sun fito a 2005 zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, suka ɗauki sunan shirinsa na A Daidaita Sahu, suka kuma ƙara yawa bayan da aka hana acaɓa a cikin birnin a watan Janairu na 2013. Irin waɗannan, kamar Bajaj da TVS na ƙasar Indiya, injinsu yana baya, ƙarfinsa yana bi ta cikin akwatin giya zuwa wasu gajerun sandunan ƙarfe biyu, ko wace sanda da tayarta. Ba su da sarƙa a waje. Haka kuma manyan na ɗaukar kaya da a ke kawowa daga ƙasar Sin, yawancinsu doguwar sandar ƙarfe ce ke juya ƙafafun baya, kamar ta mota.

Masu sarƙa su ne ƙananan na ɗaukar kaya, da babura masu ƙafa biyu waɗanda masu walda suka yanke bayansu suka mai da su masu ƙafa uku, kamar waɗanda a ke ƙera wa guragu a Kano da sauran garuruwa, da kuma babura masu akwati a gefe da a ke kwantar da majinyaci. Sabo da haka aikin farko na malamin hakimi shi ne ya sunkuya ya duba ƙarƙashin babur ɗin da a ke ƙara a kansa. Idan an kawo rasit na sarƙa da faifai a kan keken da ba shi da sarƙa a waje, to, akwai tambaya. Amma kada ya yi gaggawar ɗora wa kowa laifi, gama a cikin injin kansa akwai wata 'yar siririyar sarƙa mai daidaita aikin injin, ita ma tana lalacewa, sai dai maganarta dabam ce da wadda a ke yi a nan.

Yadda sarƙa ke cin haƙora

Babur mai sarƙa yana da fayafai biyu masu haƙora, waɗanda kanikawa ke kira da sunansu na Turanci, siforoket. Ƙaramin yana jikin injin, shi ne mai ja. Babban yana baya jikin aksul, shi a ke ja. A kan ƙananan babura ƙaramin ya kan yi haƙora 14 ko 15, babban kuwa wajen 40, ko sama ko ƙasa da haka kaɗan. A ɗauka ƙaramin yana da 14, babban 42. Kafin babban ya juya sau ɗaya, ƙaramin ya juya sau uku, watau ko wane haƙori nasa ya yi aiki sau uku kafin haƙorin babban ya yi sau ɗaya. Don haka ba abin mamaki ba ne ƙaramin ya riga babban tsufa. Abin tuhuma shi ne sabo ya tsufa a 'yan makonni.

Ita sarƙar, irin wadda a ke aiki da ita yanzu, wani injiniya ne mai suna Hans Renold ya fito da ita a birnin Manchesta na Ingila a 1880, fasalinta kuwa bai canja ƙwarai ba tun daga nan. Ko wace gaɓa tana da ƙusa, ƙusar tana juyawa a cikin wani ɗan bututu, bututun kuma yana sanye da zobe. Zoben nan shi ne ke zama a gurbin da ke tsakanin haƙora biyu. Tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa daidai ta ke da tazarar da ke tsakanin gurbi da gurbi. A sarƙa mai lamba 428, wadda ita ce aka fi samu a ƙananan babura, tazarar nan rabin inci ce, watau milimita 12.7.

Mutane su kan ce sarƙa ta miƙe, sai ka ce igiyar rama da aka ja. Ba haka abin ya ke ba. Ƙarfen ba ya miƙewa. Ƙusa ce da bututunta ke gugar juna duk sa'ad da gaɓa ta lanƙwasa a kan faifai, ƙusa na sirancewa, ramin bututu na faɗaɗa. Cin da a ke yi a gaɓa ɗaya ido ba ya ganinsa, amma gaɓoɓi suna da yawa. In ko wace gaɓa ta ƙaru da rubu'in milimita, gaɓa 20 sun ƙaru da milimita 5 ke nan.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Sa'ad da sarƙa ta ke sabuwa, zobbanta suna zama a ƙasan gurabu, haƙora da dama suna raba nauyin ja a tsakaninsu. Da zarar tazarar sarƙa ta fi ta faifai, zobba ba sa kai wa ƙasan gurabu, sai su riƙa hawa zuwa kan haƙora inda ƙarfe ya fi siranta, nauyin duka ya koma kan haƙori ɗaya ko biyu. Sarƙar sai ta yi ta gurzar haƙoran har ta mai da su daidai da tsawonta. In an kawo sabon faifai aka ɗora masa tsohuwar sarƙar nan, aikin da za ta fara ke nan tun daga ranar farko, ba za ta daina ba sai ta mai da shi kamar wanda aka cire. Haka kuma in aka sa sabuwar sarƙa a kan tsofaffin fayafai, haƙoran da suka lanƙwashe za su riƙa riƙe zobbanta suna fizga, su tsufar da ita da wuri. Abubuwan nan uku, sarƙa da ƙaramin faifai da babba, tare su ke tsufa, tare kuma ya kamata a sake su. Mafi yawan ƙararrakin da a ka faɗa a farko, in an bi diddigi, a nan za a tarad da asalinsu: masu babur sun ga kuɗin abu uku ya yi yawa, sun ba da na mafi araha a cikinsu, sa'an nan suka sake ba da shi har sau uku.

Gwada sarƙa ba shi da wuya, kuma malamin hakimi yana iya yinsa da rula irin ta 'yan makaranta. A kashe injin tukuna. A ja sarƙa ta miƙe sosai, a ƙirga ƙusa 21 a jere, watau gaɓa 20, a auna daga tsakiyar ƙusar farko zuwa tsakiyar ta ƙarshe. Sabuwar 428 za ta ba da inci 10 cif, milimita 254. In awon ya kai milimita 259, sarƙa ta gama aiki, ko da kuwa a ido tana ƙyalli. Ya kamata a auna a wuri biyu ko uku, domin sarƙa ba ta ci bai ɗaya. Inda babu rula, sai a kama sarƙar a can bayan babban faifai, a ja ta baya da yatsu. Mai kyau da ƙyar za ta motsa. Wadda ta ɗaga har aka ga rabin haƙori a ƙarƙashinta, ta mutu.

Tsohon faifai shaida ne

Kyakkyawar ƙa'ida ce hakimi ya umarci duk mai riƙe da babur na jama'a da ya riƙa komo da abin da aka cire. Wannan yana toshe ƙofar zargi, amma amfaninsa ya wuce nan, domin tsohon faifai yana faɗin abin da ya kashe shi ga wanda ya iya dubawa. Haƙorin sabo kansa a daƙushe ya ke, gefensa biyu kuma daidai su ke. Haƙoran da suka karkata gefe guda kamar bakin shaho, ko suka yi tsini kamar ƙayar aduwa, aikin doguwar sarƙa ne da ƙura. Haƙoran da suka kakkarye, nauyi ne da fizga. Amma idan aka ga gefe ɗaya na faifan ya goge yana walƙiya, haƙoran sun sirance ta kaurinsu kamar an wasa wuƙa, to, fayafan biyu ba sa kan layi ɗaya.

Wannan na ƙarshe shi ne ciwon babur ɗin da aka mai da mai ƙafa uku a wurin walda. A masana'anta, da na'ura a ke daidaita mazaunin injin da na ƙafar baya. Mai walda kuwa yawanci da ido ya ke yi, ƙarfe kuma yana ɗan murɗewa in ya sha zafin wuta ya huce. In babban faifai ya goce hagu ko dama ko da 'yan milimita ne, ko aksul ya karkace, sarƙa za ta riƙa shiga haƙora a kaikaice, tana goge su ta gefe. Ko faifai nawa aka saya, haka za ta yi musu. Gwajinsa shi ne a kwance sarƙa, a jingina miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar babban faifai a miƙa shi gaba, a ga ko ya kwanta daidai a fuskar ƙaramin. Zare ma yana yi in an ja shi sosai. In an ga tazara, gyaran a jikin mazaunin aksul ya ke, kuma sau ɗaya a ke yinsa. Ko a babur ɗin masana'anta a kan sami wannan, idan mai ɗaure sarƙa ya ja notin gefe ɗaya fiye da na ɗayan gefen.

Akwai wani wurin da ido ba ya kai wa sai an cire murfi. Ƙaramin faifai yana zaune ne a kan wani gajeren ƙarfe mai tsaga-tsaga da ya fito daga akwatin giya, wani ɗan faranti ko noti yana riƙe da shi. In abin riƙon ya saki, faifai ya riƙa rawa, sai ya ci tsagogin ƙarfen, su ma su ci shi. Idan ɓarna ta yi nisa, wasu kanikawa su kan kawo shawarar a liƙe faifan da walda a huta. Bai kamata hakimi ya yarda da wannan a kan babur na jama'a ba. Zafin walda yana ƙona robar da ke tsare mai a wurin, yana tausasa ƙarfen, ga shi kuwa ranar da faifan ya cinye, ba ya fita sai da yanka. Ƙarfen nan kuwa ba a sake shi sai an farke injin. Haka nan boris ɗin aksul in ya ci, babban faifai ya kan riƙa lilo, ya jawo irin ɓarnar rashin layi.

Sai maganar ɗauri. Direbobi da yawa sun ɗauka sarƙar da aka ɗaure tam kamar tsirkiyar baka ita ce mai kyau, don ba ta ƙara. Kuskure ne babba. Sarƙa tana bukatar sassauci, a yawancin ƙananan babura wajen inci ɗaya, milimita 20 zuwa 30, in an ɗaga ta sama da ƙasa a tsakiya. Littafin da ya zo da babur shi ne alƙali, in yana nan. Wadda aka ɗaure ainun tana matse haƙora ba hutu, tana kuma jan ƙarfen akwatin giya har boris ɗinsa ya lalace. Wadda ta saki ainun tana dukan haƙora, tana iya tsallake su. A babur ɗin da aksul ɗinsa ke kan sifirin, tazarar da ke tsakanin fayafai tana canjawa in an ɗora kaya, sabo da haka sarƙar da ta yi daidai babu kaya tana iya zama tam da kaya. A gwada da kaya a kai, a kuma tura babur gaba kaɗan-kaɗan a nemi inda sarƙar ta fi tsauri, a nan a ke yin awo.

Ƙura, mai da lodi

Waɗanda suka ƙera baburan nan sun yi lissafinsu, amma hanyar ƙauye a ƙasar Hausa tana da nata. Daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris iskar hunturu tana sauke ƙura a kan kome, bayan rairayin da tayoyi ke watsawa duk shekara, damina kuma ta zo da laka. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen faifai tauri. Duk matar da ta taɓa wanke tukunya da yashi ta san abin da ya ke yi wa ƙarfe. In yashi ya haɗu da mai mai danƙo a jikin sarƙa, sai ya zama wani baƙin kwaɓi da ke wasa haƙora da ƙusoshi duk juyawar taya. Shi ya sa direban da ke lafta giris a kan sarƙa mai datti, yana ganin kirki ya ke yi, ya kan fi kowa saurin kashe faifai. Giris ba ya shiga tsakanin ƙusa da bututu inda a ke bukatarsa, a waje ya ke tsayawa yana kama ƙura. Wani direban kuma da ya gane haka sai ya daina sa mai sam, sarƙa ta bushe ta yi tsatsa ja, gaɓoɓi su ƙage. Shi ma bai tsira ba.

Hanyar da ta dace ita ce wanki tukuna, kana mai. A wanke da kananzir da ɗan buroshi, a goge da tsumma, a bari ta bushe. Kada a yi da fetur, sabo da hatsarin wuta, kuma akwai irin sarƙar da ke da 'yan zobban roba a gaɓoɓinta don riƙe mai, fetur yana lalata su. Sa'an nan a ɗiɗɗiga man giya mai lamba 80 ko 90 ta cikin sarƙar, ɓangaren da ke taɓa haƙora, a juya taya da hannu har ya zaga, a goge ragowar da ke waje. Ya fi kyau a yi haka da yamma bayan an komo aiki, sarƙa na da ɗumi, man ya kwana yana shiga. Baƙin man da aka juye daga injin, wanda shi aka fi amfani da shi don ba a sayensa, ya fi babu, amma bai kai man giya ba: ya yi ruwa, yana fantsama ya bar sarƙa, yana kuma ɗauke da garin ƙarfe. A kan kwalta a kan yi wannan hidima kamar bayan ko wane kilomita 500. A hanyar ƙasa lokacin hunturu, ko bayan an ratsa ruwa da laka, ba a jiran wannan lissafi. Kuma ko ta halin ƙaƙa ba a taɓa sarƙa injin na aiki. Yara masu koyon aiki ne suka fi faɗawa wannan, tsumma ya shige tsakanin sarƙa da haƙora ya ja yatsu.

Babura da yawa su kan zo da murfin da ke rufe sarƙa gaba ɗaya. Da ya ɗan fara ƙara sai a kwance shi a jefar. A ƙasa mai ƙura, murfin nan ya fi ko wane irin mai amfani. Wanda ya zo da shi a bar masa, wanda aka ƙera a gida kuma mai walda yana iya yi masa da falange.

Lodi kuwa, kowa ya san labarinsa ranar kasuwa. Injin babur da sarƙarsa an yi su ne don mutum biyu. Idan aka ƙara masa aksul da akwati, aka ɗora buhu biyar na hatsi masu kilo ɗari-ɗari, rabin tan ke nan, ban da direba da mai kaya da ya ɗare a sama, duk kuwa ta kan haƙoran ƙaramin faifai ƙarfin jan zai bi. Ƙari a kan haka, babur mai ƙafa biyu yana da wasu robobi a cibiyar tayar baya masu shanye fizga, a wurin mai da shi mai ƙafa uku a kan yar da su. Direban da ke sakin kuloci farat ɗaya, ko ya tashi da giya ta biyu, ko ya yi ta fizgar babur a cikin rairayi maimakon a sauka a tura, duk bugun yana sauka kan haƙora kai tsaye.

Don babur ya iya jan kaya, kanikawa su kan cire faifai mai haƙora 14 su sa mai 12. Lalle ƙarfin ja yana ƙaruwa, gama 42 a raba da 12 ya ba da uku da rabi maimakon uku. Amma ƙaramin faifai ya ƙara ƙanƙanta, haƙoran da ke raba nauyi sun ragu, sarƙa kuma tana lanƙwasa fiye da da, sai ci ya ƙaru. In aka bar mai 14 aka sa babba mai 49, lissafin ɗaya ne, uku da rabi, ba tare da wannan illa ba. Sai dai za a bukaci sarƙa mai ƙarin gaɓoɓi, a kuma tabbata babban faifai ba zai taɓa ƙasa ko jikin babur ba.

Bayan duk wannan, jabu ma akwai shi a kasuwa, ba a musu. Haƙoran ƙaramin faifai na kirki an ƙarfafa su da wuta, in an goga musu zarto sai ya zame, na banza kuwa zarto yana kama shi nan da nan. Akwai kuma kuskuren lamba. Sarƙa 420 da 428 tazararsu ɗaya ce, rabin inci, amma faɗinsu da kaurin zobbansu sun bambanta, don haka a kan iya haɗa sarƙar wannan da faifan waccan babur ya tafi, haƙora na ci a ɓoye. Lambar tana rubuce a jikin gaɓoɓi da kan kwali. Amma a riƙa ajiye zargin jabu a ƙarshe, bayan an duba sauran, domin shi kowa ke fara ambata, tun da ya ke mai laifin yana nesa.

Littafin malamin hakimi

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 baitulmali ya bar hannun En'e, sabo da haka ba hakimi ne ke fid da kuɗin gyara ba. Amma shi jama'a ke kai wa kuka, maganarsa kuma tana da nauyi a wurin ƙungiya da wurin ƙaramar hukuma. Abin da zai ba maganar tasa ƙarfi shi ne rubutu. Ya kamata malamin hakimi ya ware shafi ga ko wane babur na jama'a da ke gundumar, ya riƙa sa ranar gyara, da abin da aka sake ɗaya-ɗaya, da lambar sarƙa da yawan haƙora, da sunan direba da na bakanike, da nisan tafiyar da agogon babur ya nuna. In agogon ya mutu, kamar yadda ya kan faru, sai a ƙirga ranakun kasuwa ko yawan sawu.

Shafin nan in ya kwana biyu shi zai yi magana. In ya nuna faifai, faifai, faifai, ba sarƙa ko sau ɗaya, an sami amsa. In an sake ukun tare amma suka mutu da wuri, sai a duba layi da ɗauri. In ɓarna ta fi yawa tsakanin kaka da ƙarshen hunturu, lodi ne da ƙura. In ta fara ne daga ranar da aka canja direba, sai a kira shi a yi masa nasiha. Babur mai direbobi uku kuwa ba shi da mai shafa masa mai, kowa ya ce ya zaci wane ya yi. Da irin wannan shafi a gabansa, hakimi yana iya kiran shugaban kanikawan gari ya tambaye shi dalilin da ya sa ba a sake sarƙa ba. In ya ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin faifai kaɗai aka kawo mini," to, maganar ta koma kan masu babur, a gabansu kuma za a yi ta.

Dalilin da ya sa ba a ɗauki wannan abu ƙarami ba shi ne yadda sarƙa ke mutuwa. Ba ta zaɓen wuri. A kan haƙoran da suka cinye ta kan tsallake ne sa'ad da a ke tsananin ja, a hawan tudu ko a tsakiyar rairayi. Ta kan faɗi ta naɗe a jikin aksul ta tsai da ƙafafun baya farat ɗaya, babur mai ƙafa uku kuwa da kaya a sama ba shi da wuyar kifewa. Ta kan kuma tsinke ta daki jikin injin ta fasa shi. Mai babur mai ƙafa biyu ya sauka ya tura. Gurgu ba shi da wannan dama, haka ma direban da ya ɗauko mace mai naƙuda da tsakar dare, asibiti na nesa. Don haka baburan ɗaukar majinyata da na guragu su ne ya kamata a fara aunawa, ba kuwa sai sun yi ƙara ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne gab da faɗuwar damina, kafin hanyoyi su lalace, da kuma gab da kaka, kafin a fara ɗebo amfanin gona.

Ko wane direba kuma ya riƙa tafiya da gaɓar haɗi guda ta ajiya mai lambar sarƙarsa, da filaya, da sifanar da ta dace da notin aksul. Gaɓar haɗin tana da wani ɗan maƙalli, gefe ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe. Rufaffen gefen ne ke fuskantar inda sarƙa ke tafiya. In an juya shi, da ya goga da wani abu sai ya fice, sarƙa ta rabu biyu ko da sabuwa ce fil. Bayan an sa sabbin kayan nan uku, sarƙar ta kan ɗan saki a 'yan kwanakin farko, sai direba ya koma wurin bakanike a sake daidaita ta, malamin hakimi kuma ya sa ranar a shafi.